Sito ko ɗakin Goggo

Talata.

Da fara'ata na tashi yau. Mutanen kamfani na biyu cikin masu kwasar kayan gida, waɗanda za su kai mana kaya daga Kubwa ta Abuja zuwa Kano, sun ce ƙarfe goma za su zo ganin kaya, goma da 'yan mintuna kuwa sai ga sallama. Wani saurayi ne da wata yarinya mai riƙe da takarda. Ɗaki-ɗaki suka bi har kicin, har lungun da janareto yake. Da suka zo kan wadrob, saurayin ya ƙwanƙwasa gefenta ya ce, "Hajiya, a cikin ɗakin nan kafinta ya haɗa ta, ko?" Haka ne kuwa. Ya ce to sai sun zo da nasu kafintan ya kwance ta, don ba za ta bi ta ƙofa ba. Nan take hankalina ya kwanta da su.

Wancan kamfani na farkon, wanda ya ce in zagaya gida in turo masa bidiyo ta WhatsApp, ya yanka kuɗi ko ƙofar gidan bai taka ba, tuni na cire shi. Irinsu ne ranar lodi za su ce motar ta yi kaɗan sai an ƙaro wata, lokacin katifarki tana bakin titi, mai gida yana jiran makullinsa, ina kika ga bakin ciniki?

Waɗannan a rubuce suka ba ni komai: 'yan dako nan Kubwa da can Kano, kwalaye, ledar naɗe kujeru, mai, har abin da za a bayar a shingayen hanya. Mota rufaffiya ce, ba akori-kura da tamfol ba, ga damina ta kankama. Da asuba za su tashi, su wuce Zuba da Tafa da Jere ido na ganin ido, ba tafiyar dare a hanyar Kaduna. Awa nawa za su yi? Saurayin ya yi dariya ya ce hanyar da ake gyara tun 2018 ba a yi mata alkawari. Yarinyar ta yi min bayanin inshora: kowane abu sai an rubuta kuɗinsa, kuma kwalin da na ɗaure da hannuna, in tangaran ya fashe a ciki, ba ruwansu. Abban yara ya duba sunansu a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, suna da rajista. Kuɗin dai ya yi zafi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa da fetur yake fakewa, har mai motar da dizal take sha.

Saura ajiya. Kun san hayarmu ƙarshen wata za ta ƙare, gidanmu na Rijiyar Zaki a Kano kuma ko tayil ba a gama ba, balle wayarin. A wajen Yaya za mu raɓe da kayan sawa kawai. Autanmu ya je Sharaɗa ya gano wani sito, cikin tsofaffin masana'antun nan da suka daina aiki aka mayar da su wurin ajiya. Ya bi abin da na lissafa masa: ya ɗaga kai ya duba kwano ko akwai alamar yoyo, ya duba gindin bango saboda gara, ya ga suna ɗora kaya a kan katako ba a kan siminti ba. An yanka wurin ɗaki-ɗaki, kwaɗonka ne makullinka ne, ga maigadi dare da rana, biya wata-wata da rasit. Ya ce wurin a kan tudu yake. Wannan na fi so in ji, don ban manta yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙa atamfofin mutane ba.

Har na fara 'yar waƙata ina naɗe kofuna da tsofaffin jaridu. Sai wayar Goggo.

Mun gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwa. Sannan ta ce, "'Yar nan, na sa an share ɗakin Malam, an fitar da buhunan. Yaushe kayan za su iso?"

Na yi shiru. Ban san wa ya kai mata zancen ba, amma ina zargin Yaya.

Na ce, "Goggo, ai kada a wahalar da ke, mun samu wani wuri a Sharaɗa."

"Gidan wa?"

"Ba gida ba ne, Goggo, sito ne. Biya ake yi."

"Biya." Ta maimaita shi a hankali. "Ki ɗauki kayan ɗakinki ki kai wa wanda bai san uwarki ba bai san ubanki ba, ki kuma ba shi kuɗi, ga ɗaki a gidanku a buɗe. To, Allah ya kyauta. Mu dai namu na talakawa ne, babu maigadi."

Na shiga kame-kame. Na ce lungunsu babbar mota ba ta shiga, sai an sauke a bakin titi an yi ta jigila da baro har cikin Mandawari, kuma gaskiya ne. Na ce ɗakin ba zai ɗauki kujeru da gadaje ba, wannan ma gaskiya ne. Ta ce lokacin bikina a wannan lungun aka fito da kayan jerena kaf, ba a ji ko cokali ya ɓata ba. Ta ce, "Ba komai, ki gaida maigidan." Ta kashe. Goggo ba ta taɓa kashe waya ba ta yi min doguwar addu'a ba.

Abin da ban iya faɗa mata ba, ku zan faɗa wa. Kayan da aka ajiye a gidan Goggo sun zama na jama'a. Ba sata ake yi ba, wallahi, kuma ita ko tsinke ba za ta taɓa ba. Amma gida ne da ba a rufe ƙofa. Yau suna a maƙwabta, a zo aron kuloli. Gobe baƙi sun sauka daga ƙauye, a ciro katifa. Jibi wani ya ce firji na zaune a banza, bari a jona a sa ƙanƙara. Goggo kuwa ba ta iya cewa a'a ba, halinta ke nan, kuma saboda halin nan ne muke sonta. Kafet ɗin Yaya da ya kwana biyu a can, da ya dawo sai da ta yi kuka a ɓoye. Wa za ta tuhuma? Mai sito in ya ɓatar min da abu, in ɗauko takarda in tsaya a kansa in ɗaga murya. A gidanmu sai dai in ce "ba komai" ina murmushi. Kuɗin da zan biya a Sharaɗa, rabinsa na damar yin faɗa ne.

Amma tun la'asar abin yake cina. Matar nan ita ta riƙe ni shekarun da Inna take jinya. Ɗakin Malam tun rasuwarsa ba ta bari kowa ya kwana a ciki, buhunan hatsinta kaɗai ke shiga, yau ta sa an share shi saboda kujeruna. Ina ta hango ta tsaye tana nuna wa yara inda za su kai tsintsiya. Ni kuma ina nan ina lissafin gara da yoyo.

Abban yara da ya dawo na zayyana masa. Ya ce abu mai sauƙi, a raba: manyan kaya su tafi sito, a kai wa Goggo wani abu ta ajiye don ranta ya yi sanyi. Na ce kamar me? Ya ce tukwanen suna, da turmi, da keken ɗinkin Inna. Tukwane da turmi na yarda, dama aronsu za a yi ko suna ina. Keken ne na kasa amsawa. Butterfly ce tsohuwa, baƙa mai zanen zinare, har yanzu fedarta da tsumman da Inna ta ɗaura. Da safe yarinyar kamfani ta tambaye ni nawa za ta rubuta a gabanta, na ce ta bar wurin tukuna. Abban yara ya ce ai shi ya sa ya ambace ta, in na kai wa Goggo abin da ba na jin ciwonsa za ta gane, ba yarinya ba ce. Na ji haushin maganar, don ban samu abin mayar masa ba.

Ban kira ta ba. Na ɗauki wayar na ajiye. Wataƙila da safe, bayan ta gama lazimi, lokacin ta fi sauƙin kai.

Ummi ta ɓoye 'yartsanarta a cikin kwalin takalma, ta ce kada a kai ta sito ita kaɗai.

Mutanen kamfani sun ce ba sa karɓar tukunyar gas, janareto kuma sai an tsiyaye mansa tas. Firji a kashe shi da wuri ya bushe, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe, in ba haka ba ya yi funfuna. Ga kajin Sallah cike da firiza. Daga gobe kowa a gidan nan kaza zai ci, safe da dare, kada wanda ya yi min ƙorafi.