Randa, moɗa da tukunyar miya

Da damina ta zauna a Zariya, rijiyoyi su kan cika, kwatoci su yi ambaliya, sai gudawa da taifot su yawaita, musamman a tsakanin yara. Dalilin a bayyane yake. A yawancin gidajen cikin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari, rijiya da masai suna tsakar gida ɗaya. Ƙa'idar masana tsaftar muhalli ita ce a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, amma gidan gado da aka raba wa magada biyar ina zai samo wannan fili? Ruwan sama yana ratsa ƙasa, ya kwaso abin da ke masai ya kai rijiya, ruwan kuma ya fito garau, ba wari ba launi. Shi ya sa hasken ruwa ba ya zama shaidar tsaftarsa, ko na rijiya ne, ko na burtsatse, ko wanda mai garuwa ya turo a kura.

Hanya mafi tabbas ita ce tafasawa. A bari ruwan ya tafasa sosai, yana ɓararraka, na tsawon minti 1, sannan a sauke a bar shi ya huce a rufe. Inda gawayi ko gas ya yi tsada, sai a koma ga maganin ruwa na kulorin, irin su WaterGuard. A bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, a girgiza jarkar, a jira minti 30 kafin a sha. Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko zuba maganin a gurɓataccen ruwa: laka tana cinye ƙarfin kulorin, don haka sai an bar ruwan ya kwanta, an tace shi da tsaftataccen ƙyalle, kafin a sa magani. Na biyu dogaro da alam. Alam yana kwantar da datti ne, ruwan ya yi kyau a ido, amma ba ya kashe ƙwayar cuta.

To, ko an tafasa, aikin yakan lalace a bakin randa. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa, ya tsoma ta har da yatsunsa, ya sha, ya mayar da ragowar, ya kife moɗar a ƙasa. Shi ke nan, wahalar da uwar gida ta sha ta tashi a banza. Randa tana son murfi, da moɗa mai dogon hannu wadda aikinta ɗiba kaɗai, a rataye ta a ƙusa, kofin sha kuma daban. Duk bayan kwana biyu ko uku a juye ragowar ruwan, a wanke cikin randar da soso, domin santsin nan da ke kama bangonta matattarar ƙwayoyin cuta ne. Wanda ya samu hali ya sayi bokiti mai famfo, ya fi sauƙin kiyayewa, duk da ba zai ba da sanyin randa ba a watan Afrilu.

Wanke hannu ma haka. Kwano ɗaya da mutum shida za su tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo, na ƙarshe da dattin biyar yake tashi. A zuba da buta, a sa sabulu, a cuɗa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Lokutan da ba a sassauci su ne bayan fitowa daga bayi, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki da kafin ci.

Idan kuma gudawar ta zo, abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwa a jikinsa. Kowane gida ya ajiye ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, da ƙwayar zinc. Ƙunshi ɗaya ana narka shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita 1, wato ledar fiya wata biyu masu santilita 50. Kada a rage ruwan wai don ya yi ƙarfi, gishirin zai yi yawa ya ƙara wa yaron illa. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. Zinc kuwa miligiram 20 ne kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba, kuma a ƙarasa shi ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku. Nono ba a dakatar da shi. In babu ORS cikin dare, a haɗa cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba mai tozo ba, da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1. Amma in ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gida, a nufi asibiti nan take, ko na Gambo Sawaba ko Shika ko wanda ya fi kusa.

Abin da ke cin manya a ɓoye kuma a tukunyar miya yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, kimanin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin burodi, taliyar yara, kilishi da yajin tsire. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. A duba yadda ake miyar kuka a gidaje da yawa: magi huɗu ko biyar, farin magi, sannan gishiri, in an zuba a kwano kuma a barbaɗa yaji wanda shi ma da magi aka daka shi. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau, zuciya da ƙoda su yi ta aiki fiye da ƙima shekara da shekaru. Hawan jini kuma sau da yawa ba ya ciwon kai, ba ya jiri, sai dai a ji an ce wane ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Ragewa lokaci guda ba ta ɗorewa, maigida zai ce miya ta yi salam, gobe a koma gidan jiya. A cire magi ɗaya, a zauna a haka mako biyu, sannan a cire wani. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da busasshen kifi su ne ke cike gurbin, kuma da su iyayenmu suka yi miya tun kafin magi ya shigo. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai hawan jini a dangi, ya riƙa awo. A zauna a huta minti 5 kafin a ɗaura na'urar awon jini, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ba sigari ba shayi mai ƙarfi rabin awa kafin nan. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu mabambanta, a ga likita. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, maganin ne ke riƙe da jinin.

Sauro kowa ya san zancensa, sai dai abu biyu da ake mantawa. Sabon gidan sauro a baza shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, in za a wanke a yi da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, domin rana da omo suna kashe maganin da ke jikinsa. Maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina na kwana uku ne a kowane wata. Ma'aikata suna ba da na ranar farko, na biyu da na uku a hannun uwa suke, kuma nan ake yawan yin sakaci.

In hunturu ya kama a Disamba da Janairu, kaskon gawayi kada ya kwana a rufaffen ɗaki, janareta kuma kada a kunna shi a zaure ko ƙarƙashin taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya jin ta. Wanda ya farka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ɗakin da aka kwana da wuta, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a kai asibiti ko da sun ce sun warware.