Daren da Inna ta ga Zara

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025

Kwana huɗu ke nan hazo ya lulluɓe Maradi, daga ƙofar gida ko hasumiyar masallacinmu da ƙyar ake hangowa. Yau bayan la'asar iska ta kwanta, sama ta washe, sai na fito da na'urar hangen nesa na kafa ta a tsakar gida tun kafin magariba. Ƙarama ce, irin mai gilashi a baki wadda ba madubi a cikinta, faɗin bakin milimita 70, tsawonta 700. Da gilashin ido na milimita 25 tana ninka abu sau 28, da na milimita 10 kuma sau 70.

Muna dawowa daga salla sai ga wata ɗan kwana uku a yamma, Zara tana gefensa tana walƙiya. Inna na kan tabarma da carbinta, ta ɗaga kai ta ce, "Ga matar nan ta biyo mijinta." Tun muna yara haka take faɗa mana, Zara matar wata. Wata bakwai da sayen na'urar nan, ban taɓa samun Inna ta leƙa ba, kullum sai ta ce idonta ba na wannan aiki ba ne. Yau na roƙe ta.

Na saita Zara da gilashin milimita 10, na rage tsayin ƙafafun, na jawo mata kujera. Ta daɗe tana neman inda za ta sa ido. Can ta yi shiru.

"Kai ɗan nan, wannan ai wata ne ka sa mini."

"A'a Inna, ɗago ki gani, ga wata can gefe."

Ta ɗago, ta koma, ta sake ɗagowa. "Ikon Allah! Ashe matar ma kamannin mijin ta ɗauko."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Haka take kuwa: ba ta kai rabi ba, a lanƙwashe, fara sol, da ɗan shuɗi-shuɗi a gefe wanda gilashin ƙananan na'urori ke kawowa. Na yi mata bayani da lemu da tocila. Zara ba ta da hasken kanta, na rana take ara, kuma hanyar da take bi wajen kewaya rana tana ciki da tamu, shi ya sa wani lokaci gefenta kawai muke gani. Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya ga haka a 1610, da na'urar da ba ta kai tawa ba. Inna dai lemun ta karɓa ta ɓare, idonta na sama. Duk bayan minti biyu ko uku sai ta ce matar ta gudu, in zo in maido ta. Duniya ce ke juyawa da mu.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, taurari suka ƙaru. Mushtari, wato Jupiter, wanda shi ma rana yake kewayawa kamar Zara, yana kusan tsakar ka, sai da na durƙusa. Na ga zanensa biyu masu duhu, da watanninsa a jere kamar an ja layi. Ƙanena ya nemi Kaza da ƴaƴanta, na mayar da gilashin 25. Da ido shida yake ƙirgawa, a ciki ya wuce talatin bai gama ba, ya ce, "Yaya, kazar nan ta yi ƙyanƙyasa!"

Wajen goma sanyi ya kore mu. Na hure ƙurar gilashin, ban goge da riga ba don yashin hunturu na karce shi, na rufe. Ina naɗe ƙafafun Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce gobe in Allah ya kai mu za ta kira Hajiya maƙwabciyarmu. Na ce mata gobe wata zai hau sama ya bar Zara a ƙasa. Ta ce ba komi, ita matar take so Hajiya ta gani.