Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Ɗakin Ɗanɗano

'Yan uwa, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya mun tsaya a ƙofar ɗakin ɗanɗano na hedikwatar kamfanin shagunan gahawa da nake wa aiki a Amurka. Yau ciki za mu shiga. Zan riƙa cewa gahawa ga abin sha, kofi kuma ga mazubi, don kada mu rikice.

Manyan kamfanonin nan ba sa sayen ɗanyar gahawa da ka. Starbucks, wanda ya buɗe shagonsa na farko a Siyatil a 1971, ofishi guda ya keɓe a Lozan ta Suwizalan don cinikin ɗanyar gahawa. Kafin mai saye ya sa hannu a takarda kuwa, sai masu ɗanɗano sun ce e.

Samfuri kan iso a leda, giram 350 na ɗanyen ƙwaya. Da farko a auna danshinsa, ana son ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. In ya haura, fumfuna na tafe a hanya; in ya yi ƙasa, ƙamshin ya riga ya fara tsufa. Sai a baza shi a tire a tsince shi kamar yadda ake tsintar wake: baƙar ƙwaya, mai tsami, wadda ƙwaro ya huda, tsakuwa, tsinke. A ƙirga, a rubuta.

Daga nan sai ƙaramin injin suya. Minti 8 zuwa 12, kuma ba a bari ta yi duhu, domin suya mai duhu tana rufe aibi kamar yadda yaji ke rufe naman da ya kwana. A bar ta ta huta aƙalla awa 8, a ɗanɗana kafin awa 24 ta cika.

Kowane samfuri kofi biyar ake jera masa. A kowane kofi giram 8.25, a niƙa na kowanne daban, a zuba ruwa mililita 150 mai zafin digiri 93. Wannan shi ne ma'aunin da masu sana'ar suka saba da shi, ko da yake kowane kamfani yana da ɗan gyaransa. Minti huɗu ba a taɓawa. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama, sai ka sunkuya, hancinka dab da kofin, ka fasa ɓawon da cokali ka shaƙa. A kwashe kumfar, a jira ya ɗan huce, sannan a fara zuƙa da ƙarfi daga cokali, fuuut, yadda ruwan zai watsu a baki har ƙamshin ya hau hanci. A tofar. Abin da uwa za ta maka dundu a kansa a gida, a nan shi ne aikin.

Me ya sa biyar? Saboda ƙwaya ɗaya tak tana iya ɓata kofi. Gahawar Ruwanda da Burundi tana da daɗi ƙwarai, amma akwai wani aibi da ake dangantawa da ƙwaron antestiya: ƙwayar da ya shafa kan sa kofi ya yi warin ɗanyen dankalin turawa da aka fere. A ɗanye da wuya ido ya gane ta. In duk samfurin aka niƙa wuri guda, warin zai narke cikin sauran, ka ji wani abu-abu da ba ka iya kamawa. In aka raba, kofi huɗu lafiya lau, na biyar ya tona asiri. Don haka ma ake fara wuce da 'yan ƙwayoyi ta injin niƙa a zubar kafin kowane sabon samfuri, kada ragowar na baya ya shafa wa na gaba laifi.

Dokar da ta fi ba ɗan Hausa wahala ita ce ta turare. Ba a shiga da shi ko kaɗan, har na jikin kaya. Goro, yaji da man goge baki mai ƙarfi su ma sai bayan aiki.

Ana ɗanɗana kaya sau biyu a ƙalla: samfurin kafin lodi, da wanda aka ɗebo bayan jirgin ruwa ya sauke. A nan rigima take. Buhun Habasha da na Burazil kilo 60 ne, na Kwalambiya 70, kuma kwantena guda kan ɗauki wajen buhu 300. Makonni a teku, zafin rana da sanyin dare kan sa kwantena ta yi gumi ya ɗiga a buhunan sama. Ko kuma warin algarara ya kama ƙwayar. Sai samfurin na biyu ya saɓa da na farko, a riƙe kayan, masu saye su kama waya da ɗan kasuwar da ya turo, a rage farashi ko a mayar.

Sabon ma'aikaci kan zaci an ɗauke shi ne ya gano gahawar da ta fi kowace daɗi. Ba haka ba ne. Kamfani mai dubban shaguna so yake abin da ka sha yau a wannan gari ya zama shi za ka sha baɗi a wancan. Samfurin da ya yi fice amma ya kauce wa ɗanɗanon haɗin da aka saba, ajiye shi ake yi, a ɗauki na tsaka-tsakin da ya dace. Ni har yanzu abin yana ɗan sosa mini rai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau bene wurin masu lissafin farashi, waɗanda idonsu ba ya barin kasuwar cinikin gahawa ta birnin Niyok.