Yadda na yi matashin tsinken cin abinci da yumɓun Arita

Japanawa ba sa ajiye tsinken cin abinci, wato siraran sanduna biyun da suke ɗaukar abinci da su, a kan teburi kai tsaye. Akwai ɗan matashin tangaran da ake ɗora bakinsa a kai, suna kiransa hashioki, ana ajiye shi a hagun mai ci. Shi na zaɓa na yi a garin Arita da ke lardin Saga, inda aka fara tangaran a Japan wajen shekarar 1616, bayan wani maginin tukwane ɗan Koriya, Yi Sam-pyeong, ya gano farin dutsen da ake tangaran da shi a Izumiyama, wani tsauni a Arita. Yau kuwa yawancin maginan garin da dutsen da ake kawowa daga tsibiran Amakusa suke aiki, shi ake niƙawa a tace ya zama yumɓu.

Wannan yumɓu ba shi da danƙo irin na tukwane. Yana saurin shan ruwa ya saki jiki, yana saurin bushewa a hannu. Nakan yanki giram 25, in mulmula shi tsawon santimita biyar da rabi, domin bayan gashi zai tsuke da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Sai in danna gefen yatsa a tsakiya in fitar da kwarin da tsinke zai kwanta. Kwarin nan shi ne aikin gaba ɗaya. Na farko da na yi bai yi zurfi ba, da ruwan ƙyalli (wanda ake tsoma tangaran a ciki don ya yi sheƙi bayan gashi) ya narke ya cike shi, tsinke ya riƙa mirginowa. Yanzu ina ba shi zurfin milimita huɗu, in gwada da tsinke biyu tun yumɓun yana ɗanye.

Idan ya yi tauri kamar sabulu, sai in rarake cikinsa ta ƙasa, kada wani wuri ya wuce kaurin santimita ɗaya. Wanda aka bari dunƙule yakan riƙe laima a ciki ya fashe a wuta. Shanya ma a inuwa ce, a kan katako, da leda a rufe kwana biyun farko, ana juya shi kullum. Waɗanda na gaggauta duk gindinsu ya bankare, suna rawa a kan teburi, kuma babu gyara bayan gashi.

Gashin farko digiri 900 ne a ma'aunin Celsius. Daga nan sai zane da gosu, garin kobalt da ake damawa da shayi mai ƙarfi don kada ya yi gudaji. A kan tangaran baƙi-baƙi yake fitowa, wuta ce ke mayar da shi shuɗi, saboda haka ido ba ya gaya maka gaskiya. Jikin tangaran ɗin yana zuƙe ruwa nan take. Duk inda burushi ya tsaya, tabo ne. Layi ake fara ja da siririn burushi, sannan a cike da mai kauri da ake kira dami, wanda ake matse gashinsa da yatsu don ruwan ya gangaro, ba a goga shi. A ganina wannan ya fi komai wuya, kuma a nan ake gane ƙwararre. Idan gosu ya yi yawa yakan ƙone ya yi duhu, ko ya sa ƙyallin ya janye daga kansa.

Kafin tsomawa a ruwan ƙyalli ina goge ƙura da jiƙaƙƙen soso, domin ƙura ce ke haddasa ƙananan ramukan nan kamar na allura. Tsomawar daƙiƙa biyu zuwa uku ta isa. Gindin kuma a share masa ruwan ƙyallin tas har da milimita biyu daga gefe, in ba haka ba ya manne da allon tanderu.

Gashi na biyu yana kaiwa wajen digiri 1300, ana rage wa wutar iska, abin da ke ba farin Arita ɗan shuɗin nan nasa. Ba na buɗe tanderu sai ya huce sarai. Mai son ja ko zinariya sai ya zana a kan ƙyallin ya sake gasawa a wajen digiri 800. Aikin ƙarshe shi ne goge gindi da dutsen wasa, don tangaran da ba a goge ba yana karce faranti mai fenti da ake jera abinci a kai.