Kwana goma sha tara a Alƙahira: tsakanin ɗagawa da ciko

Jirgin EgyptAir da ya ɗauke mu daga filin Malam Aminu Kano cike yake da 'yan kasuwa da majinyata. Tun a layin awon kaya ake gane majinyatan, kowa rungume da ƙatuwar ambulan ta hoton ƙashi ko sakamakon gwaji, ga wani dattijo a keken marasa lafiya ɗansa na tura shi. Ni ina da ƙafa a kowane ɓangare. Dangi da maƙwabta sun san sarin abaya na tafi, kuma haka ne, shekara shida ke nan ina bin wannan hanya. Ɗaya dalilin kuwa, wato tiyatar gyaran nono, mutum uku kaɗai suka sani: Baban yara, da Yayata da ta rako ni, da malamarmu ta Islamiyya.

Haihuwa biyar na yi cikin shekara goma sha ɗaya. Bayan na yaye autar, ƙirjina ya zube har ya kwanta a kan cikina. Da zafin Afrilu, ƙarƙashinsa yakan yi gumi ya saɓule, fatar ta yi ja tana raɗaɗi, sai na sa hoda da tsumma mai laushi kafin in iya fita shago. Wata takwas na yi ina shan hulba, na shafa mayuka iri huɗu da na saya wajen masu talla a Instagram, ban ga komai ba sai ƙarewar kuɗi. Na san abin da mata za su ce in suka ji, wai tsoron kishiya ne. Baban yara bai taɓa furta kalma a kan jikina ba, hasali ma shi ya fi ni tsoron wuƙar likita. Ni ce na gaji da kauda kai in na wuce madubi.

Bayan awa huɗu da ɗoriya muka sauka, sanyin Janairu ya tare mu tun daga ƙofar jirgi. Masaukinmu yana Hayyul Ashir a Madinatu Nasr, unguwar da baƙin Afirka suka yi yawa, Sudanawa da Somaliyawa da namu ɗaliban Azhar. Wata ɗaliba 'yar Katsina ce ta zama tafintarmu, yarinya mai natsuwa da ta iya Larabcin titi kamar a nan aka yanke mata cibiya. A tasi ta koya mini kalmomi biyu da zan yi ta ji a asibiti: shadd, wato ɗaurewa ko ɗagawa, da takbir, wato ƙara girma. Na ce mata takbir na zo yi. A tunanina abin da ya zube ai cika shi ake yi ya miƙe.

Likitocin kuɗi a Alƙahira da yamma suke buɗe ɗakunan ganin marasa lafiya, wasu har tsakar dare. Bayan la'asar muka hau Gadar 6 ga Oktoba zuwa Muhandisin, muka yi fiye da awa a cunkoso, Kogin Nilu na ƙarƙashinmu, masu motoci na ta danna oda kamar da ita ake tuƙi. Wurin farko da aka yi mana kwatance ya sha ado, ga kujerun fata, ga hotunan mata a bango. Likitan bai yi minti goma da ni ba. Ya fito da jakunkunan silikon guda uku ya jera a tebur, ya ce in ɗaga in ji wadda ta yi mini, ya ce mai mililita 350 za ta dace, jibi akwai gurbi in na ba da kafin alƙalami yau. Na tambaye shi tabo, ya ce ba a gani. Na tambaye shi shekara nawa abin yake yi a jiki, ya ce in bar wannan a hannunsa. Muna fitowa Yaya ta riƙe hannuna a cikin lif ta ce, “Ke 'yar kasuwa ce, kin san mai sayar da kaya in kin gan shi. Ba a nan za a taɓa ki ba.”

Kwana biyu na yi a kasuwannin Ataba da Muski ina zaɓen abaya, hankalina rabi a kaya rabi a kan wancan tebur. A wani shagon shayi kusa da Masallacin Husaini na ga ana kawo wa maza wani abin sha ruwan ɗorawa a kofin gilashi, na tambaya, yarinyar ta ce hulba ce, a nan kowa sha yake da sanyi. Na daɗe ina kallon kofin. Abin da wata ta sayar mini da tsada a matsayin sirrin gyaran jiki, ga shi dattawa na kurɓa suna kallon ƙwallo a talabijin.

Likita ta biyu mace ce, abin da na so tun farko, dattijuwa mai tabarau a wani tsohon bene a Dukki. Awa guda cur ta ba ni. Ta sa na tsaya a gaban madubi hannuwana a gefe, ta ɗauko tef irin na tela ta auna daga ramin wuyana zuwa kan nono, sannan ta sa biro a kwance a lanƙwasar da ke ƙarƙashin nonon, ta ce in duba inda kan yake. Ya sauka ƙasa da biron sosai. Ta ce da wannan lanƙwasa ake auna zubewa, bisa matakan da wata likita a Kanada mai suna Regnault ta tsara a 1976: in kan nono yana daidai da lanƙwasar mataki na ɗaya ne, in ya wuce ta ƙasa na biyu, in ya kai can ƙarshe yana kallon ƙasa na uku. Ni ina na biyu, na kusa shiga na uku.

Sai ta tambayi sana'ata, da ta ji tufafi nake sayarwa ta kama gefen abayata ta ja. Ta ce fata ce ta saki, naman yana nan da isasshen yawa, rigar da ta yi wa mutum yawa kuwa tela rage ta yake yi. Aikin ɗagawa ke nan: a yanke fatar da ta yi yawa, a tattaro naman a ɗinke shi sama, a mayar da kan nono mazauninsa. Ba ya ƙara girma, sau da yawa ma mace takan ga kamar ya ɗan ragu. Ciko kuma jaka ce ta silikon ko ta ruwan gishiri da ake sawa a bayan naman nono ko ƙarƙashin tsokar ƙirji, yana amfani ga wadda nata ƙarami ne, ko ya motse amma kan bai sauka ba. In aka sa wa irina ciko shi kaɗai, jakar za ta tsaya a sama, nonon ya ci gaba da rataya a ƙasanta, nauyin kuma ya ƙara jan fatar da dama ta gaji. Akwai masu haɗa biyun, amma ta ce ba ta ga abin da zai sa in ɗauki wahalar biyu ba.

Akwai maganar da ta faɗa wadda na so a ce na ji ta tun ina amarya. Shayarwa ba ita ke zubar da nono ba. Cikin ne kansa, yadda nono ke cika ya sake motsewa a kowane juna biyu, da shekaru, da ƙiba da rama, da shan taba, da kuma gado. Na tuna ƙawayena biyu da suka yaye jarirai a wata uku suka koma madarar gwangwani don tsoron wannan abu, raina ya ɓaci.

Ba ta ɓoye aibin kowanne ba. A kan ciko ta ce tun 1962 da aka fara sa na silikon a Houston ta Amurka ake ta gyara shi, amma har yau ba abin da ake sawa a manta ba ne. Jiki yakan yi masa kube na nama, wani lokaci kuben ya ƙanƙance ya matse jakar, nono ya yi tauri yana ciwo. Jakar tana iya fashewa, ta silikon ma ba tare da mace ta sani ba, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 ko 3. Ta ambaci kamfanin PIP na Faransa da aka kama a 2010 yana cika jakunkuna da silikon na masana'antu, da wani samfuri mai kaushin baya na Allergan da aka janye daga kasuwa a 2019 saboda alaƙarsa da wata sankara ta garkuwar jiki da ba kasafai ake samu ba. Sannan ta yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai: in abin ya samu matsala bayan shekara goma, ina Kano, wa zai duba ni, kuma ina da tabbacin kuɗin sake dawowa? Na yi lissafin yadda Naira ta koma daga zuwana na farko zuwa yau, na kasa ba ta amsa.

Farashin ɗagawa kuma tabo ne, kuma na har abada. Ta zana mini a takarda: zagaye a gefen baƙin kan nono, da layi daga nan zuwa lanƙwasa, ga waɗanda nasu ya yi tsanani kuma a ƙara wani layin a kwance. Ta ce baƙar fata ta fi saurin yin tabon da ke kumbura ya yi tudu ya wuce inda aka yanka. Ta juya kunnena ta taɓa hujin da aka yi mini tun ina jaririya, ta duba tabon lamba a kafaɗata, ta sa na kwanta ta bi ɗinkin tiyatar haihuwar autata da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Duk sun kwanta lafiya. Ta ce alama ce mai kyau amma ba alkawari ba ne. Ta ƙara da cewa jin taɓi a kan nono yana iya raguwa, shayarwa tana iya yin wahala, kuma sabon ciki zai iya warware aikin. In ban gama haihuwa ba in koma gida in jira.

Daren nan ban yi barci ba. Abin da ya fi damuna tun daga gida shi ne hukuncin abin, don ayar Suratun Nisa'i da ke maganar canza halittar Allah ba abin wasa ba ce. Kafin in taso malamarmu ta karanta mini hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Ta ce a nan malamai suke bambanta gyaran abin da ya lalace ko yake cutarwa da neman ƙari a kan halitta lafiyayya, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi wannan rabe-rabe a zamanta na Malesiya a 2007. Ba ta yanke mini hukunci ba, ta ce in faɗa wa kaina gaskiya a kan wanne nake nema. Da na tsaya gaban madubin likita na gane ban taɓa son girma ba. Tun ina budurwa ban raina abin da Allah ya ba ni ba. So nake fatar nan ta daina saɓulewa, in sa riga ta zauna. Na yi istihara, da asuba na kira Baban yara muka yi magana mai tsawo a kan haihuwa, muka tsaya a kan biyar ɗin da muke da su sun ishe mu godiya.

Kafin ta sa rana sai da ta tura ni hoton nono na binciken sankara, da gwajin jini da na zuciya. Wannan ne karo na farko da aka yi mini irin hoton, ina da shekara 39, kuma ban san mace ɗaya a cikin ƙawayena da ta taɓa yi ba. Sakamako ya fito lafiya.

Ranar aikin, ina tsaye ta zana layuka a jikina da alƙalami shuɗi, tana aunawa tana gogewa kamar mai yankan shadda mai tsada. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne Yaya tana tofa mini addu'a a goshi. Aikin ya ɗauki kusan awa uku. Na farka ƙirjina a naɗe tam kamar an ɗora mini buhun gero, maƙogwarona a bushe. Kwana ɗaya na yi a asibitin. Satin farko a rigingine nake barci da matasai uku, ba na iya ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali, Yaya ce ke yi mini wanka tana tsefe mini kai kamar lokacin da nake 'yar firamare. Yarinyar Katsina takan zo da miyar kuka daga ɗakinsu na ɗalibai, don kushari, abincin Misirawa na shinkafa da taliya, ya fita raina.

A kwana na bakwai aka buɗe bandeji. Layukan sun yi ja sun kumbura, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, na fashe da kuka. Likitar ta zauna kusa da ni ta ce sai an yi watanni kafin siffar ta zauna, tabon kuma shekara guda ko fiye kafin ya dushe. Ta ba ni rigar mama ta asibiti in sa dare da rana na sati shida, da manne na silikon da zan riƙa liƙawa a kan tabon in ya warke, ta hana ni ɗaukar abu mai nauyi. Ta ce in na shiga jirgi in riƙa tashi ina takawa saboda daskarewar jini a ƙafa, kuma in aiko mata da hoto duk wata.

Abayoyin na bar su wajen masu aiko da kaya. Yaya ce ta ja akwatunanmu biyu a filin jirgin Alƙahira, ita da nata ciwon gwiwa. Muna isa gida autata ta sheƙo a guje ta ɗaga hannu biyu in ɗauke ta. Na durƙusa a hankali na jingina kanta a kafaɗata, na ce Umma ba ta da lafiya tukuna, ta hau cinya. Sati biyar muka yi a haka kafin na sake ɗaga ta sama.