Kafin Ka Saya Wa Tsohuwar Starlet Sabon Rim

Ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni da wata Toyota Starlet da ya saya da guminsa, kuma da na sa ya buɗe bonet sai na ga bakin lagireto ya yi jawur da tsatsa, fanka kuma an haɗa ta kai tsaye da makulli, tana ta juyawa babu hutu. Shi kuwa hankalinsa yana kan wayarsa, yana nuna mini hoton wasu rim masu ƙyalli lamba 16 da har ya ba da kafin alƙalami a kansu. Ya ce, "Kawu, idan na saka waɗannan, na sauke ta ƙasa kaɗan, ba wanda zai ce tsohuwa ce." Ban iya ba shi amsa nan take ba, domin wannan hanyar da ya ɗauko na bi ta har ƙarshenta.

Tawa Starlet ɗin ƙirar 1992 ce, mai inji 2E, lita 1.3, mai kafireto, kuma na saye ta a zamanin da ake shigo da motocin Kwatano ta iyakar ƙasa, tun kafin gwamnati ta hana a 2017. Ta zo mini lafiyayya, ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, da tayoyinta ƙanana lamba 13. Abin da na fara yi mata shi ne cire tayoyin nan, na saka mata manyan rim da taya marar kauri, sannan na kai ta wurin mai walda aka yanke sifirin domin ta kwanta ƙasa, aka huda salansa, aka cika but da sifika. A lokacin ina neman aure, abokaina suna hawa Honda, kuma saurayi mai ƙaramin albashi da ya ga ana yi wa motarsa kallon motar koyon tuƙi dole abin ya taɓa shi. Har yau ban ga laifin mutum ya so abinsa ya yi kyau ba. Laifina shi ne inda na zuba kuɗin, domin duk abin da na kashe, a wurin da ido ke gani na kashe shi.

Mota ce da nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma waɗanda suka ƙera ta sun auna ƙafarta daidai da wannan nauyin. Taya marar kauri ba ta shanye bugun rami, sai ta miƙa shi ga rim, rim ya lanƙwashe, ragowar bugun ya wuce kan boris da bushin da shokozoba. Sitiyari ya yi nauyi, mai ya ƙara tafiya, kuma duk ranar da na ɗauki mutum uku a baya sai taya ta riƙa gurzar bodi. Ƙasan motar ya sha duka a kan tudun rage gudu har kwanon baƙin mai ya loɓa. Sifikun kuma suka fi ƙarfin ƙaramar altanetar, batir ya riƙa mutuwa, kuma wayar da rewaya ya ja ba tare da fiyus ba ta taɓa narkewa a ƙarƙashin kujera ina cikin tafiya, na ji ƙaurin roba na tsaya. Allah ne kawai ya kiyaye.

Amma ba waɗannan ne suka kashe ta ba, zafi ne. Ruwan rijiya nake zuba wa lagireto, kamar yadda kowa yake yi a garejin da nake zuwa, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini cewa yana barin tsatsa da gasari da ke toshe siraran bututun da ke ciki. Da allurar zafi ta fara hawa, makanikina ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya jefar, ya ce don ƙasashen sanyi aka yi shi, ya haɗa fanka kai tsaye. Na yarda da shi, kuma wa zai ƙi yarda da mutumin da ya yi shekaru yana wannan sana'a? Sai dai in na faɗi gaskiya, na yarda ne saboda maganarsa ta fi araha, kuma kuɗin wanke lagireto da sauya famfon ruwa na riga na kai su wurin mai fenti. Cire tamostat ɓoye ciwon ya yi na ɗan lokaci: da safiyar hunturu injin ba ya ɗumama da wuri, yana shan mai, da rana kuma toshewar tana nan inda take. A kan hanyar Zariya, cikin zafin watan Afrilu, ruwa ya tafasa, na ci gaba da tafiya don in kai gari na gaba. Kan injin nan na alminiyam ne, jikinsa kuma na baƙin ƙarfe. Zafi ya karkatar da kan, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraye da baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Na yi ta zirga-zirga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, na sayi wani tof, wato kan inji, aka yi ringi, amma ba ta sake komawa yadda take ba, a ƙarshe na sayar da ita da asara, da rim ɗinta masu ƙyalli.

Na zauna da niyyar rubuta muku dogon bayani, ku samari, amma na san ba ku da haƙurin karantawa. Hoton mota a TikTok ya fi muku maganar wanda ya ƙone inji da hannunsa. To ga kaɗan. Kada ka taɓa komai na kwalliya sai ka gyara sanyin inji: a wanke lagireto ko a sauya shi, a sa sabon murfi, a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan na'urarta, a zuba kulan, wato ruwan musamman na lagireto mai hana tsatsa. Idan allura ta hau ja, ka tsaya a inda kake, ko da a daji ne, kuma kada ka buɗe murfin da zafinsa. Ka sauya taimin bel ranar da ka saya, domin ba ka san yaushe aka sa wanda ke ciki ba, shi kuwa ba a son ya wuce kilomita 100,000. Ka bar ta a kan lamba 13, ka sayi taya mai kyau, ka duba lambobi huɗun da ke gefenta, su ne mako da shekarar da aka yi ta. Ka duba birki.

A gaskiya ma da za ku ji tawa, da na ce kada ku saya gaba ɗaya. Toyota ta daina ƙera wannan Starlet ɗin tun 1999, ta maye gurbinta da Yaris, wato ƙaramarsu ta haura shekara 25, kuma ku da ba ku iya duba baƙin mai da safe ba, kun fi son a ce komai da dannawa ake yi, ba za ku iya da tsohuwar mota ba. Amma kuma wanda ya riga ya mallake ta kada ya kuskura ya sayar, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motar da ke shan kaɗan, wadda kowane makaniki ya san cikinta, ta fi babbar mota da ke kwana a gida saboda tsadar fetur. Kayanta na asali suna ƙara wuya a Ƙofar Ruwa da Panteka, saboda haka idan ka ci karo da kafireto ko distiribita mai kyau, ka saya ka ajiye, ko da naka bai lalace ba tukuna.