Abin da na koya a teburin takardar addu'a

Ƙarshen wannan wata zan miƙa mabuɗan da suke hannuna, in koma gida wajen jikokina. Masu karɓar takardar addu'armu ta wata-wata sun san hannuna ko da ba su san fuskata ba, domin shekaru da yawa ni ce nake tattara saƙonnin masu bisharar da muka aika ƙasashen waje, in tsara su, a buga, a raba wa ikilisiyoyi da ƙungiyoyin zumuntar mata. Wasu 'yan'uwa sun ce kada in tafi ban bar wa wadda ta gaje ni wani abu a rubuce ba. Da na zauna in yi hakan, sai na tarar abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, sauran duk ƙanana ne a gefensa.

Kun tuna yadda shekarar 2023 ta zo mana. A watan Yuni gwamnati ta saki naira, dalar da banki yake sayarwa wajen naira 460 ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. Mu da muke gida mun ji a jikinmu, amma wanda ake biya da naira yana cefane da sefa, nasa ya fi namu. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta bi naira ƙasa ba. Albashin mai bishara a takardar ofis bai ragu da ko kwabo ba, amma in ya kai wa ɗan canji, abin da ake miƙo masa kullum raguwa yake yi, har ya koma kusan rabi. Ana cikin haka sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba su, aika kuɗi ta banki ya tsaya. Abinci ya yi tsada, magani ya yi wuya.

Muna da wani malami da iyalinsa a yammacin Nijar, can wajen iyakar Burkina Faso, a cikin Gurmawa. Mutum ne mai kawaici, wanda rahotonsa ba ya wuce layi huɗu, kullum da godiya yake farawa da ita yake rufewa. A cikin damunar nan ya aiko mini da saƙon murya cikin dare, yana magana ƙasa-ƙasa don kada yara su ji. Ya ce sun koma cin abinci sau ɗaya a yini. Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta sun sayi gero, yanzu da tiya take auna shi tana lissafin kwanakin da zai kai su. Sun cire babbar 'yarsu daga makaranta. Autansu yana fama da zazzaɓi, kantin magani kuma ba komai. 'Yan bindiga suna shiga ƙauyukan kewaye suna karɓar abin da suke kira zakka, shi kuwa da ya ji ƙarar inji da dare sai ya tashi zaune har asuba. Ya ce bana ko mutum ɗaya bai yi wa baftisma ba. Sa'an nan ya ce, “Malama, ki gaya wa 'yan'uwa su yi mini addu'a kada in yi fushi da Allah.”

Na rubuta saƙon kamar yadda ya faɗe shi, na cire sunansa da na garin kamar yadda muka saba, na kai wa shugabanmu ya duba kafin a buga. Ya karanta yana tsaye. Ya zaro jan biro daga aljihun rigarsa ya ja layi daga sama har ƙasa, ya rubuta nasa a gefe. Na ce, “Baba, mutumin nan bai taɓa yin kuka ba, in ya yi yau to abin ya kai.” Ya ce, “'Yata, ke ba ki san masu bayarwa ba. Ba sa son jin kuka. In suka ji aiki ba ya tafiya, hannunsu zai koma aljihu.” Na roƙe shi a bar ko maganar abinci da ta yaron. Ya ce takardar addu'a ba wurin bara ba ce, zai kai maganar gaban kwamiti da kansa.

Abin da ya fita a takardar watan shi ne a yi addu'a Ubangiji ya buɗe ƙofar bishara a cikin Gurmawa, ya kuma ba bawansa hikima.

A majami'armu na zauna a taron zumuntar mata na ji an karanto wannan layi. Tsofaffin nan suka durƙusa a kan siminti suka yi ta roƙon buɗewar ƙofa da hikima da dukan zuciyarsu, wasu har da hawaye. Masu tuyan ƙosai ne da masu daddawa da malaman firamare da suka yi ritaya, waɗanda kowane mako sai sun kwance bakin zane sun sa wani abu a asusun bishara. Na san su sarai. Da an ce musu akwai 'yar'uwarsu a wata ƙasa da ta sayar da keken ɗinkinta don yara su ci, da ba a tashi taron ba sai an haɗa kuɗi, kuma da sun nemo hanyar da zai kai, domin rufe iyaka bai hana 'yan kasuwar Illela da Konni ko na Jibiya da Maraɗi hulɗa da juna ba. An hana su yin abin da Allah zai iya yi ta hannunsu, aka kuma bar su suna tsammanin sun san abin da suke roƙo a kai. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Ban san inda muka samo wannan al'ada ta wanke labarin mai bishara kafin a kai shi gaban jama'a ba, amma ba daga Littafi Mai Tsarki ba ce. A farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, Manzo Bulus ya ce ba ya so su rasa sanin wahalar da ta same su a Asiya, wadda ta fi ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rayuwa. Sai bayan ya faɗi wannan ya ce su ma su taimaka da addu'a. A wasiƙarsa ta biyu ga Timoti ya faɗi wanda ya yashe shi, ya roƙi a kawo masa mayafinsa da ya bari a Taruwasa, a kuma zo kafin lokacin sanyi. Mutanen Filibi sun aika masa da gudummawa ne domin sun san yana cikin ƙunci. Da wasiƙun nan sun bi ta teburin shugabanmu, jan biro zai cinye rabinsu.

Kowace shekara a Lahadin bishara kuma sai mun tsaya mun ba da tarihin waɗanda suka kawo mana Maganar. Mukan ambaci samari uku na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da suka sauka Legas a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, yadda Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, duka a 1894, Bingham ya koma gida da ciwo ba tare da ya kafa komai ba. Sai a 1902 aka samu zama a Patigi. Mukan ambaci Karl Kumm da 'yan ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) da suka iso Wase a 1904. Mun san waɗannan labarai ne domin waɗanda suka aiko su ba su ɓoye mutuwa da faɗuwa ba, sun faɗa wa jama'arsu, jama'a kuma suka ƙara durƙusawa, suka ƙara aikowa. Muna alfahari da wahalar matattu, ta masu rai kuwa muna jin kunyarta. Ko a Janairun 2015 da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mun yi azumi mun tara gudummawa, domin rediyo ya riga ya faɗa, ba wanda zai iya gyara labarin. Yunwar gida ɗaya ba ta fita a rediyo. In ofis bai faɗa ba, ba mai ji.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, malamin ya kwaso iyalinsa suka dawo. Na ga matarsa a bakin ofis, na ɗan jima kafin in gane ta. A zaman kwamiti shugabanmu ya ce malam ya bar filin aiki ba da izini ba, bai kuma sanar da ofis halin da yake ciki ba. Wani dattijo ya tambaya ko babu wani saƙo da ya taɓa zuwa daga gare shi. Sai shugabanmu ya juyo ya dube ni ya ce, “Sai dai a tambayi mai kula da saƙonni.” Takardar nan mai jan layi tana cikin fayil a kan cinyata. Na miƙe na ce, “Baba, saƙo ya zo, na kuma kawo maka da hannuna, ga shi nan.” Ba wanda ya miƙo hannu ya karɓa. Shugaban zama ya ce a wuce zuwa batu na gaba. Wata bai cika ba aka ba ni takardar canjin aiki zuwa ɗakin ajiyar littattafai, inda nake ƙidayar littattafan waƙoƙi har zuwa yau. Malamin kuma har yanzu fayil ɗinsa yana ɗauke da cewa ya gudu.

Ba na cewa shugabanmu ya ci kuɗin kowa, bai ci ba. Baiko yana raguwa a lokacin, tsoronsa yana da dalili. Amma yana son rahoto mai daɗi a babban taro fiye da yadda yake son jin gaskiyar yaransa, kuma da ranar ta zo ya zaɓi ya jingina laifin ga mace mai albashi kaɗan da malamin da ba shi da kowa a kwamiti. Muna gaisawa. Ina roƙon Ubangiji ya ba ni ikon gafarta masa gaba ɗaya, ban kai can ba tukuna.

Ke da kika gaje ni, ki raba ɓoye suna da ɓoye wahala. Suna da gari da hoto kam kada su kuskura su hau Facebook ko zauren WhatsApp, domin a Nijar 'yan bindiga sun ɗauke Ba'amurke ɗan mishan Jeffery Woodke a Abalak a 2016 sai 2023 aka sake shi, an kuma ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018 ya yi shekara biyu a hannu. Ki riƙa kiran matar mai bishara ita kaɗai, abin da za ta gaya miki mijinta ba zai rubuta ba. Ki sa 'ya'yansu a addu'a da maganar makarantarsu. Shekarar da ba a yi baftisma ba, ki rubuta haka. Ki sa a yi wa mutanen garin addu'a a matsayin maƙwabta, domin a watannin da ofishinmu ya yi shiru, wani maƙwabcinsu Musulmi ne yake aiko wa iyalin nan da gero da nono. Wanda ya dawo gida kuma kada sunansa ya fita daga takarda a watan da ya dawo, lokacin ne ya fi bukata.

Har yanzu muna da iyalai a Nijar da Chadi da Kamaru da ake biya da naira suna cefane da sefa. Wakilan da za ku je babban taro na bana, ku tambaya a fili ko an sake duba albashinsu tun faɗuwar naira, ku kuma nemi a karanta muku saƙonninsu kamar yadda suka aiko su. Ku tambayi maganar fayil ɗin malamin nan ma. Takardar tana wurina, duk wanda kwamiti ya aiko zan ba shi.